Jinin Farko a Gonar Wake

Idan mutum ya rantse ba zai ƙara zubar da jinin dabba ba, sannan ya zubar da shi don dabbar ta rayu, ya karya rantsuwar ne ko ya cika ta? Na tambayi limamin garinmu, ya ce in ciyar da miskinai goma in huta. Na ciyar da su. Ban huta ba.

Sunana Ya'u. Garinmu Tsamiyar Auta, a ƙasar Baure, inda in ka miƙe arewa da ƙafa za ka shiga Nijar ba ka san ka shiga ba. Gidanmu gidan farauta ne. Mahaifinmu ya riƙe sarautar Sarkin Baka har ya rasu, yayana Sabiru ya gaje shi. Ni kuwa ina da shekara ashirin da shida na harbi wata barewa a bayan gari, da muka farke ta muka tarar da ɗa a cikinta, yana motsi. Daga ranar ba wanda ya sake ganin barewa a dajinmu. Ko ita ce ta ƙarshe, ko ba ita ba ce, Allah ne masani. A wurin na rantse ba zan sake ɗana kibiya a kan mai rai ba.

Daga baya na tafi ƙasar Bauchi na sami aiki a wani gandun daji, ina bin sawun namun daji da sawun masu shigowa su kashe su. Shekara ashirin da biyu. A can na koyi karatun boko, a jikin alluna da takardun da baƙi ke yarwa. Da na yi ritaya na dawo gida na kama noma, mutanen gari suka sa mini suna Mai Gandu. Ba yabo ba ne.

Wata Alhamis ce da kaka. An yanke gero, saura wake a gonaki yana jiran roro. Ina zaune ina shan koko matata Ikilima ta shigo da tulu, ba ta ko sauke ba ta ce, "Malam, wai wani abu ne ya shiga gonar Mahdi. Matan rijiya sun ce raƙumi ne, amma an yi masa zane."

"Raƙumin Buzaye ne ya tsinke," na ce.

"Buzaye sun fara yi wa raƙumansu ƙaho?"

Na ajiye ludayin.

Tun daga nesa na hango shi. Kansa ya wuce ƙananan rassan gawon da ke tsakiyar gonar. Raƙumin dawa ne, namiji, bai gama girma ba, zanensa fari-fari kamar an wanke shi. Ya ware ƙafafunsa na gaba, ya sunkuyo da wannan dogon wuya yana fizgar wake, ganye da kwanso gaba ɗaya. A jikin ƙahonsa na hagu akwai wani ɗan akwati baƙi, bai kai akwatin ashana biyu ba. Na san irinsa. Masu kula da namun daji ke ɗaura shi don su san inda dabba take. Na daɗe ina jin cewa a Nijar akwai sauran waɗannan dabbobi, 'yan kaɗan, ana tsaron su a wani daji kamar ƙwai a cokali. Wannan ya ɓato hanya ke nan, ya yi ta tafiya har Allah ya kawo shi gonar Mahdi.

Shekara ashirin da biyu ina gandu, ban taɓa ganin raƙumin dawa da rai ba sai a bayan garinmu.

Mutane sun riga sun kewaye gonar, maza da mata. Mahdi, mai gonar, magidanci ne mai 'ya'ya biyar, kuma yana cikin maharban da ke ƙarƙashin yayana. Yana tsugune yana ɗura albarushi a bindigarsa adaka. Kunya goma sha biyu na ƙirga da dabbar ta share tas.

"Mahdi," na ce, "dakata."

Bai ɗago ba. "Kawu, in ka zo jaje ne na gode. In wa'azi ka zo, liman ya riga ka. Ya ce yana da kofato a tsage, yana tuƙa, halal ne."

"Ba halaccinsa nake magana ba. Wannan dabbar tana da masu ita. Ka ga abin da ke ƙahonta? Suna biye da ita. In ka kashe ta, ɗauri ne."

"Wa za su ɗaure? Kafin su zo ta shiga tukunya sittin. Su ɗaure tukwanen."

Aka yi dariya. Wani daga baya ya ce, "Mai Gandu ya ga ɗan uwansa."

Dagacinmu ya tafi Daura taro tun jiya, don haka magana ta koma hannun Sarkin Baka. Na same shi a gindin wata kuka a gefen gonar, zaune a kan buzunsa, baka da kwari a gabansa. Sabiru ya girme ni da shekara tara. Tun ranar barewar nan maganarmu ba ta wuce gaisuwa da ta'aziyya.

Na durƙusa. "Yaya, ka hana su."

"Da wane baki?"

"Da bakin Sarkin Baka. Kai suke ji."

"Suna ji na ne don ban taɓa faɗin abin da ba ya cikin doka ba." Ya nuna gonar da haɓa. "Naman da ba na kowa ba, ya shiga gonar mutum ya ci masa abincin shekara, in ce kar ya taɓa? Ba ni da wannan ikon. Babanmu ma bai da shi."

"Na gwamnati ne."

"Wace gwamnatin? Ta nan ko ta can? Ta zo ta ce nata ne mana." Sannan ya turo bakan da ƙafa zuwa gabana. "In tausayinsa kake ji, ga shi. Bindigar Mahdi ba za ta kashe wannan abu lokaci guda ba, sai dai ta yi masa kaca-kaca ya kwana yana wahala. Duk garin nan kai kaɗai ka san inda ake harbin babban nama. Kuma doka ba ta canza ba tun da ka tafi. Mai jinin farko shi ke da nama."

"Ka san na rantse."

"Na sani. Ina wurin."

"Ba zan taɓa shi ba."

"To." Ya janye bakan. "Na ba masu shi zuwa azahar, don darajar uwar da ta haife mu. In an sallame ba su zo ba, ba ruwana."

Dokar da ya ambata tsohuwa ce a wurin maharbanmu. Duk wanda makaminsa ya fara fitar da jini a jikin nama, naman ya zama nasa, ko ya faɗi ko ya gudu, kuma ba mai ƙara masa hannu sai da izininsa. An yi ta ne don a daina kashe juna a daji. Mahaifinmu yana da tabon gatari daga kunne zuwa haɓa, na zamanin da wani ya taka ta. Wanda ya taka ta yanzu ba a sara shi, amma ba a sake fita daji da shi, makaɗa ba sa kiran sunansa, ba a cin abinci kwano ɗaya da shi.

Na hau keke na tafi bakin titi, shagon Uzoma. Inyamuri ne mai sayar da kayan gyaran babura da motoci, a Daura aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Rabin masu sayayya a wurinsa daga ƙetaren iyaka suke zuwa.

"Malam Ya'u, ka zo da gudu kamar an biyo ka," ya ce. "Taya ce ko sarƙa?"

Na gaya masa. Ya daina murmushi, ya ɗauko waya. Ya ce akwai wani direba da ke sayen kaya a wurinsa, ya taɓa ce masa yana ɗaukar ma'aikatan daji na can. Sai da ya kira mutum uku kafin ya same shi. Suka yi magana, Uzoma na ta cewa "to, to", sannan ya rufe bakin wayar da hannu.

"Suna hanya tun jiya, akwatin suke bi. Ya ce kwana goma sha ɗaya ke nan da ya ɓace musu. Da likitan dabbobi a motar. Ya ce don Allah kar a taɓa shi, kar a kore shi da gudu, in ya faɗi ba ya tashi."

"Yaushe za su iso?"

"Ya ce kafin azahar, in Allah ya yarda."

Ya rufe shagon, abin da ban taɓa ganin ya yi ba ranar da ba Lahadi ba, ya goya ni a babur muka koma.

Na gwada abin da na iya. Na roƙi mutanen da ke gefen arewa su buɗe hanya, ko dabbar ta kama gabanta ta koma inda ta fito. Amma gefen arewa ma gonakin wake ne, kuma kowane mai gona yana tsaye a bakin tasa da sanda. Ba wanda ya matsa. Ban ga laifinsu ba. Raƙumin dawan ya daina ci. Ya tsaya a gindin gawon yana juya kunnuwa, yana duban mu ɗaya bayan ɗaya daga can sama, jelarsa na kaɗawa. In wani ya yi tari sai fatar kafaɗarsa ta yi rawa.

Rana ta yi ta hawa. Mata suka fara aikowa da kwanuka da tasoshi, aka jera su a inuwa. Mahauci ya zo da wuƙaƙensa a buhu, ya zauna yana wasa su a kan dutse. Wannan ƙara ita ce ta fi damuna. Wasu maharba biyu suka ɗura nasu bindigogin.

Inuwar kuka ta dawo gindinta lokacin da wayar Uzoma ta yi ƙara. Ya saurara, ya dube ni, na gane tun bai yi magana ba.

"Motar ta kafe a wata fadama. Suna neman shanu su ja ta. Ya ce la'asar, ko bayan la'asar."

Na koma wurin Sabiru. "Yaya, ƙara musu zuwa la'asar."

"Na faɗi azahar a gaban mutane."

"Awa biyu ce kawai."

"Ya'u, in na ƙara, gobe maganata ta zama ta kasuwa." Bai dube ni ba. Yana gyara kibiyoyin da ke cikin kwarin, yana ciro su ɗaya ɗaya yana mayarwa. Dukkansu bakinsu baƙi ƙirin da dafin kwankwani, ban da guda ɗaya. Sabuwa ce, ƙarfenta na ƙyalli, ba a shafa mata komai ba. Ya riƙe ta ɗan lokaci, ya mayar.

Aka kira salla. Muka yi sahu a bakin gonar, a kan karan gero. Ban san abin da na karanta ba. Ina sujada ina jin maganarsa ta safe tana dawo mini: naman da ba na kowa ba. Ba shi da ikon hana kowa naman da ba na kowa ba. To in ya zama na wani fa?

Na san abin da hakan ke nufi. Rantsuwata ce, wadda na riƙe shekara talatin da ɗaya, na bar gida saboda ita, na sha sunan Mai Gandu saboda ita. Kuma ni da na kama mutane da hannuna don sun harbi dabbar da doka ta kare, na san dokar ba ta tambayar niyya. Sannan dabbar na iya firgita ta zura da gudu ta karye. Kibiya kuma na iya wuce inda na nufa. Hannuna ya manta tsarkiya.

Liman ya sallame. Kafin a shafa addu'a Mahdi ya miƙe ya ɗauki bindigarsa.

"Mahdi," na ce, da ƙarfi don kowa ya ji. "Adakarka ba za ta kayar da shi ba. Za ka raunata shi ya tattake sauran gonar, ya bi ta kan mutane. Bar ni da shi."

Mahdi ya dube ni, ya dubi Sarkin Baka.

"Cinyar mai gona fa?" ya ce.

"Duk ranar da aka feɗe shi, cinya taka ce."

Ya sauke bindigar. Wani ya ce, "Ashe Mai Gandu na cin nama." Wani tsoho ya fara kirarin mahaifinmu.

Uzoma ya riƙo hannun rigata. "Malam Ya'u, kai ma? Na ce musu kana nan. Na ce musu akwai mutum ɗaya a garin da zai tsare musu shi."

Na zare hannuna.

Na je gaban yayana na miƙa hannu biyu. Ya ɗora mini bakan. Na sa hannu a kwarin na ciro sabuwar kibiyar, na rufe bakinta da tafina. Amma ta kwana cikin 'yan uwanta masu dafi, kuma ɗan abin da ya goga ya isa. Na tsuguna na dirje ta da yashi, kamar mai wasa baki. Sannan na yi abin da kowane maharbi ke yi kafin babban harbi. Na tsaga damtsena kaɗan da wuƙa, na bar jinin ya gangaro zuwa gwiwar hannu, na taɓa bakin kibiyar a ƙarshen layin jinin. In akwai dafi, jinin zai yi baƙi ya dunƙule, baƙin ya fara hawa sama, sai ka yi maza ka goge. Mutane suna ganin ina gwada ƙarfin dafi ne. Sabiru kaɗai ke kusa da zai ga jinin.

Jinin ya ci gaba da gangarowa ja wur.

"Sarki, ya kama?" Mahdi ya tambaya daga inda yake.

Sabiru ya daɗe yana duban hannuna. "Mai baka ya san kibiyarsa," ya ce.

Na shiga gonar. Na bi ta inda iska ke busowa daga gare shi zuwa gare ni, a hankali, ina taka tsakanin kunyoyi. Taku talatin na bari tsakaninmu. Daga nan ina jin numfashinsa. Ina ganin gashin idonsa, dogaye kamar na saniya, da ƙudajen da ke bin gefen bakinsa. Bayan haƙarƙarinsa na gaba, nan ne inda kowa ke jiran in harba. Ni kuwa tudun cinyarsa ta baya nake kallo, inda fata ta fi kauri, nama ya fi yawa, ba jijiya ba ƙashi a kusa.

Na ɗana kibiyar. Ban ja tsarkiyar har kunne ba, na tsaya a rabi. Na yi bisimilla, ban san ko ta yanka ce ko ta neman tsari ba, na saki.

Ya yi tsalle gefe, ƙafafun nan dogaye suka watsa ƙasa. Mata suka ja da baya. Ya zura taku biyar, shida, ya nufi wani rami da ake ɗibar ƙasa. A bakin ramin ya ja birki, ya juyo, ya dawo gindin gawon yana huci. Kibiyar ta yi lilo a cinyarsa, ta faɗi. Wani siririn jini ya biyo zanen fatar, ja a kan fari, kowa na gani.

"Jini," in ji Sarkin Baka daga gindin kuka. "Na Ya'u ne."

Aka tsaya jiran dafi ya yi aikinsa. Mahauci ya miƙe da wuƙa. Dafin kwankwani ba ya wuce ɗan lokacin da mutum zai ci tuwo ya wanke hannu, sai ƙafafu su fara rawa. Aka jira. Raƙumin dawan ya lanƙwaso wuya ya shinshina ciwon, ya kaɗa jela. Can sai ya miƙa baki ya fizgi ganyen gawo.

Mahdi ne ya fara ganewa. Ya taka ya ɗauko kibiyar daga ƙasa, ya duba bakinta, ya shinshina. Ya dube ni. Ban taɓa ganin fuska ta canza haka ba.

"Kawu, ka yaudare ni."

"Na ce duk ranar da aka feɗe shi cinya taka ce. Ban ce yau ba."

"Kunya goma sha biyu."

"Gonata na nan gabas da rijiya. Ka rore ta duka."

"Ba sadaka na roƙe ka ba." Ya jefar da kibiyar, ya ɗaga bindigar ya sa a kafaɗa. Sauran biyun ma suka ɗaga nasu.

Na juya na fuskanci mutane, bakan na hannuna, jinina na ɗiga daga gwiwar hannu. "Jinin farko nawa ne. Naman nan nawa ne, a tsaye ko a kwance. Ban ba kowa izini ba."

"Wannan ba farauta ba ce, wasa ne," in ji Mahdi, idonsa na kan dabbar. "Sarki, ka faɗa masa. Kibiya ba dafi, harbi a cinya. Doka ba ta san wannan ba."

Ba wanda ya yi motsi. Na ji ƙarar kunamar bindigar da ya ja baya. Ni ba ni da sauran abin yi, na riga na kashe abin da nake da shi. Idan Sabiru ya yi shiru, ko ya ce ba ruwansa kamar yadda ya faɗa da safe, shi ke nan.

Ya tashi daga kan buzun. Gwiwoyinsa sun daɗe da lalacewa, sai da ya dafa kukar. Ya ratso gonar yana ɗingishi, bai yi sauri ba, ya wuce ni bai dube ni ba. Ya je ya tsaya a gaban Mahdi, tsakaninsa da dabbar.

"Doka ta ce jini," ya ce. "Ba ta ce dafi ba."

Ya ɗaga hannunsa na dama ya rufe bakin bindigar da tafinsa.

"Sauke, ɗana. Na hana."